Ragon da Bai Gama Karatu Ba

Akwai wata magana da take yawo a danginmu, ina so in kashe ta da hannuna tun ina da sauran ƙarfi. Kun sha jin ta a wajen suna ko biki, musamman daga bakin jikokin Alhaji Modi: wai ubanku ya taɓa kai wa mahaifinsa ragon layya, da Sallah ta matso ya koma ya ce a ba shi abinsa. Wasu ma sun ƙara gishiri, sun ce da 'yan sanda na je. To, ni ma gwanin ƙarin gishirin ne, uwarku shaida ce, ita ke cewa in na ba da labarin sauro sai ya fito da ƙaho da wutsiya. Amma a wannan zancen zan matsa kusa da gaskiya ƙwarai, in ban taɓa ta ba, za ta ji ɗumina.

A waccan shekarar ban zama farfesa ba. Ƙaramin malami ne ni a sashen ilimin garkuwar jiki, ina da tsohon babur mai tari kamar wanda ya shekara yana shan taba, da kai cike da buri. Abin da ya hana ni sukuni shi ne sanƙarau. Kowace bazara, in zafin Sakkwato ya kai inda ƙadangare ke neman inuwar ɗan'uwansa, sai asibiti ya cika da yara masu sanƙararren wuya. Likita yana bukatar ya san wace irin ƙwayar cuta ce ta kama yaro, kuma ya sani da wuri. Akwai wani ruwan gwaji da ke nuna haka nan take, amma daga ƙasar waje ake kawo shi, kafin ya iso mana ya sha rana a hanya ya dahu, sai dai a zuba masa gishiri. Na ce a raina, me zai hana mu yi namu a nan?

Yadda ake yin sa ba wani tsafi ba ne. Za ka sami lafiyayyen rago, ka riƙa yi masa allurar matattun ƙwayoyin cutar kaɗan-kaɗan. Ba za su sa shi ciwo ba tunda matattu ne, amma jikinsa bai sani ba, sai ya ɗauka yaƙi ya zo, ya shiga tara sojoji a cikin jini. Wata da watanni kana yi kana jira, har sojojin su yi yawa su ƙware. Sa'annan ka ɗebi jini kaɗan daga jijiyar wuyansa, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan da ya taso sama. In ka ɗiga wannan ruwa a kan ruwan da likita ya zuƙo daga bayan mara lafiya, ka ga ya tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, to ka kama ɓarawon. Don haka na je kara, kasuwar dabbobi, na zaɓo rago uda, gabansa baƙi, bayansa fari, kamar an tsoma shi a tawada an fasa a tsakiya. Na ɗaure shi a garken jami'a, na fara allura.

Aiki ya yi nisa sai yajin aiki ya faɗo. Aka rufe jami'a, masu kula da dabbobi suka kama gabansu, garke ya zama ba mai ba da ko ruwa. A lokacin muna haya a Gidan Igwai, tsakar gidan in kaza ta buɗe fiffike sai ta taɓa bango biyu, ga uwarku da tsohon ciki, ko warin albasa ba ta so balle na rago. Sai na ɗora shi a bayan a-kori-kura na nufi gidanmu na Ƙofar Taramniya, inda akwai fili da inuwar darbejiya da turke.

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin wani abu, ku 'yan zamani da kuke faɗowa kaina ku ce, “Baba, ara min wayarka.” Ni ɗan fari ne. Kakanku, Alhaji, ɗan kasuwa mai sayar da yadi, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana ido da ido ba. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka aka tashe su. Ko ina durƙushe a gabansa, gwiwata tana taɓa tabarmarsa, sai ya dubi bango ya ce, “A gaya wa wancan shi rage gudu da babur.” Kakarku mace kuwa ta fi shi, in na shigo ta ƙofa sai ta tuna tana da aiki a madafa. Wadda ta raine ni, kuma take ɗaukar magana tsakanina da su, ita ce Gwaggo Hurera, yayar Alhaji. Ita ce gidan wayarmu.

Sai kuma wata al'ada ta unguwarmu. In ɗa ya fara cin guminsa, yakan kawo rago tun Sallah da saura, ya ɗaure a turken ubansa, ya yi tafiyarsa. Ba ya cewa ga shi, uban ba ya cewa an gode. Kowa ya gane. Na san da wannan al'ada sarai, shi ya sa ina ɗaure ragon na wuce ɗakin Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla, har da zana jijiya a ƙasa da tsinke.

Na ce, “Gwaggo, wanga rago na aiki na, ba na yanka ba. Ki gaya wa Alhaji.”

Ta ce, “To, to. Allah shi yi ma albarka.”

“Kin dai gane ko? Na jami'a na.”

“Na gane mana. Tashi ka tahi, kunyarka ta yi yawa.”

Na tafi ina jin daɗi, wai na iya koyarwa. Ashe a wajen Gwaggo duk zanen jijiyar nan kwana-kwana ce irin ta yaro mai kunya da ba ya so a yi masa godiya. Abin da ta kai wa Alhaji shi ne: wancan ya kawo rago.

Nakan zo lokaci-lokaci da sirinji in yi allurata, mutanen gida suna kallo suna gyaɗa kai, sun ɗauka maganin ƙiba ne na 'yan boko. Alhaji kuwa ya ɗauki ragon nan kamar amana. Dusa, harawa, kowar wake, ruwan kanwa, har sauran furarsa. Uda ya buɗe, ya yi ƙirji, ya yi wuya. In ya yi atishawa kajin maƙwabta sai sun watse. In ya kwanta, inuwar darbejiya ba ta isarsa. An ce har baƙin da suka zo ziyara Hubbare, in sun gama, akan ce musu akwai sauran abin kallo a Ƙofar Taramniya. Wannan dai ban gani da idona ba, amma ni na fara faɗa, kuma ba a ƙaryata ni ba.

Abin da ban sani ba shi ne inda labarin ya kai a waje. Alhaji yana da taubashi, Alhaji Modi, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, gidansu yana kallon namu. Tun suna samari suke tsokanar juna, kuma kowace Babbar Sallah sai sun gwada raguna. Kowace shekara Modi ke ci, ya kuma shekara yana dariya. A bana Alhaji ya ga ranarsa ta zo. Mutumin da ba ya iya kiran sunana ashe yana zaune a rumfar kasuwa yana cewa, “Ku zo ku ga abin da wancan yak kawo.”

Sallah saura 'yan kwanaki na zo duba uda, sai na tarar da itace jibge a ƙofar gida, tudu guda, ga Alhaji Modi tsaye yana kallonsa kamar mai ta'aziyya.

Ya ce, “Kai ɗan boko, ka kashe ni bana. Ubanka ya hana ni sha ruwa cikin kasuwa. Itacen ga duk na gashin rago guda na!”

Nan take na gane yanka shi za a yi. Na koma gida a kan babur, ban san ta inda na bi ba. Uwarku ta saurare ni, ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, sa'annan ta ce ai abin mai sauƙi ne, tunda jini nake so, in tafi da kwano ranar yanka in tara. Na ce mata sojojin ba su nuna ba tukuna, akwai sauran allura ta ƙarshe sai bayan Sallah, kuma jinin da ya gauraya da ƙasa da gashi ba shi da amfani a wajena. Ragon da ke raye kuwa zai yi ta ba ni jini shekara da shekaru. Babbar magana ma, akwai wani mai da ake haɗa allurar da shi, wanda a ƙa'idar aikinmu dabbar da aka yi wa shi ba a cin namanta. Ke nan ko na haƙura da wahalar watannin nan, ba zan bari a raba naman nan gida-gida ba.

Na koma wajen Gwaggo. Wannan karon ta gane, don ta ga gumi. Ta yi salati, ta tafa hannu, ta zauna ta yi tunani, sai ta kawo shawara irin ta masu son a rabu lafiya.

“Ka zo da motar nan lokacin da sunka tahi masallaci, ka ɗauke shi. Ni in yi kururuwa in ce ɓarayi. Wanda anka yi wa sata jaje aka yi mishi, ba dariya ba.”

Wallahi shawarar ta shige ni. Da na bi ta, da Alhaji ya tsira da mutuncinsa, ni na tsira da ragona, Modi ma sai ya zo jaje. Na kwana biyu ina juya ta. Amma na san unguwarmu. In aka ce sata, sai an nemo ɓarawo, kuma da wuya a rasa wani bawan Allah da za a riƙa kallo a kaikaice har ya mutu. Na kuma tuna yadda na ga Alhaji yana sosa wuyan ragon nan yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sai na ce wa Gwaggo a'a, ni zan gaya masa da bakina. Ta dube ni kamar na ce zan hau hasumiya in yi tsalle.

Bayan la'asar na same shi zaune a kan buzu kusa da turke, uda yana tuƙa a gefensa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi. Ya amsa wa darbejiya. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai cike da ɗaki in yi ta zuba har su yi barci, ranar sai na rasa ta inda zan fara. Na dai fara. Na faɗi sanƙarau, na faɗi allura, na faɗi sojojin jini, na faɗi cewa naman ba ya ciwuwa. Idona yana ƙasa, har na haddace tururuwan da ke wajen. Na gama.

Can sai na ji ya yi gyaran murya. Ya kama ƙahon ragon, ya juyo da fuskarsa.

“Uda, ka ji abin da mai gidanka yac ce? Ashe kai ɗalibi na, ni ina ta ba ka dusa awa jahili.”

Uda ya ci gaba da tuƙa.

“Tambaye shi, ciwon ga da yaka hwaɗi, shi na mai sanƙarar da wuyan yara in bazara ta yi?”

Na rasa wanda zan ba amsa. Sai na dubi ragon ni ma, na ce, “Shi na.”

Alhaji ya daɗe yana shafa wuyansa. Ya ce, “Na sha ɗaukar su cikin tabarma daga unguwar ga zuwa maƙabarta. Ba su da nauyi, uda. Shi na abin da ba ni so da su.” Sa'annan ya ce, “Gaya mishi shi biɗo wani. Kai kau ka yi ta karatu.”

Wannan ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da mahaifina tun da aka haife ni, kuma rago ne tafinta.

Neman wani ragon ana jibi Sallah, ga yajin aiki ba albashi, ba sai na ba ku labari ba. Babur dai ya tafi, na yi sallama da tarinsa. Abin da na samo a madadinsa, in an kira shi rago an yi masa kara. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, ya isa layya, ba gurgu ba ne, ba makaho ba, iyakar abin da zan faɗa na alheri a kansa ke nan. Iska in ta taso sai an riƙe shi.

Ranar Sallah aka sauko daga idi, unguwa ta taru a ƙofar gidanmu, har da waɗanda ba su gama yanka nasu ba. Alhaji Modi yana gaba, ya sha babbar riga, ya shirya shan kaye. Aka buɗe ƙofa na fito da ɗan ragona, rabi ina ja rabi ina tallafe. Modi ya dubi ragon, ya dubi tudun itace, ya leƙa zaure ya hango uda yana cin harawa lafiya lau.

“Alhaji, mi nika gani? Wanga ɗan rakiya na? Ina babban?”

Alhaji yana wasa wuƙa, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, “Bai gama karatu ba.”

“Karatu? Mi yaka karantawa?”

“Likita.”

Modi ya yi dariya har hularsa ta faɗi, aka ɗauko masa, ta sake faɗuwa. Kun san yadda muke gashi a Sakkwato, a buɗe rago a tsire shi da itace a jera kewaye da wuta a ƙofar gida, kowa ya wuce ya gani. Na Modi ya tsaya kamar ƙofar gari. Namu kuwa kamar an shanya singileti. Wutar da aka tanada domin uda ta kusa cinye shi, sai da aka ja shi baya.

Ina ba ku abin da dariya, amma kakanku ya biya. Shekara guda cur, in ya shiga kasuwa sai wani ya ce, “Alhaji, ya ɗalibi? An ci jarrabawa?” Waɗanda ba su san kan zance ba suka ce ɗan ne ya ƙwace abinsa, daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Da kalma biyu zai iya wanke kansa ya ce kuskuren wancan ne da Hurera. Bai taɓa yi ba. In an matsa masa sai ya ce karatu ba a yi masa gaggawa, ya ci gaba da auna yadi.

Bayan Sallah na yi allurar ƙarshe, na jira, na ɗebi jini. Ranar da na ɗiga ruwan a kan gilashi na ga ya tsinke, na yi rawar da ban yi ba ranar aurena, har wani abokin aikina ya leƙo ya tambaya ko kunama ce. Ruwan uda ya yi aiki a asibitinmu, ya je wasu asibitocin ƙauye a cikin kwalabe 'yan ƙanana, kuma ba ya dahuwa a hanya don hanyar ba nisa. Ba zan ce shi ya kori sanƙarau ba, wannan aikin rigakafi ne da ya zo daga baya, da hannun mutane da yawa. Amma akwai yaran da aka gane ciwonsu da safe maimakon jibi, kuma wasunsu yanzu suna da gemu. A kan wannan aiki na yi rubuce-rubucen da suka ɗaga ni daga mataki zuwa mataki, na yaye ɗalibai, har aka wayi gari ana ce mini farfesa. In da adalci, uda ya kamata a naɗa, ni in riƙe masa jaka.

Da aka janye yajin aiki na zo mayar da shi garken jami'a, sai Alhaji ya ce, “Uda, gaya mishi kai ba ka son makarantar kwana.” Haka ya zauna a Ƙofar Taramniya. Ran da zan ɗebi jini, Alhaji da kansa ke riƙe kan, ya rufe masa ido da hannun riga. A nan, ta bakin rago, na ji abubuwan da ban taɓa ji ba: fataucinsa na ƙuruciya zuwa Illela a kan jaki, yadda ya ga kakarku karon farko ta zo sayen atamfa ta raina masa kaya, ciwon gwiwar da yake ɓoye wa kowa. Ta bakin uda ya zaɓa wa babbar yayarku suna. Ta bakinsa ni ma na iya cewa, “Uda, gaya wa Alhaji shi bar hawan tsani.” Ya ce, “Uda, ce mishi ba ruwanshi.”

Uda ya tsufa, haƙora suka zube, wata damina ya kwanta bai tashi ba. Muka haƙa rami a bayan gari muka rufe shi. A lokacin ilimi ya ci gaba, ɗakin gwajinmu ya sami na'urori, ba mai bukatar jinin rago kuma. Turke ya zauna ba kowa, ni da Alhaji muka koma gidan jiya. In na je gaisuwa ya amsa wa darbejiya, in tashi. Na ɗauka shi ke nan, an rufe wannan babi.

Sai wata rana Gwaggo Hurera, ta tsufa tukuf tana dogara sanda, ta sa aka kawo ta har gidana. Ta ƙi zama, ta ce saƙo ta kawo daga Alhaji.

“Yac ce a tambayi wancan, wai binciken ya ƙare na? Cuta ta ƙare duniya?”

Washegari na je kara na sayo uda, gaba baƙi, baya fari, na ɗaure a turke. Shi ne wanda kuke gani in mun je gaida Kaka, kuke tambayata yaushe za a yanka shi. Ba za a yanka ba. Kuma bari in gaya muku abin da ko uwarku sai yanzu za ta ji: wannan ragon ko alifun bai sani ba, ban taɓa yi masa allurar komai ba. Ran Juma'a bayan la'asar nakan je da jakata, in fito da auduga da sirinji, in goge masa wuya, in yi 'yan dube-dube irin na masana, Alhaji yana riƙe da kan, muna hira. Mun daɗe a haka ina ganin na iya dabara.

Ran nan ina cikin goge-gogena, na ɗaga sirinji ina dubawa a hasken rana kamar abin gaske, sai Alhaji ya saki ƙahon, ya matsa gefe a kan buzunsa har ya bar wuri.

“Uda, gaya mishi shi bar wahal da kai da auduga. Na san babu komi cikin allurar nan tun ran farko. Shi dai zamna.”

Na mayar da sirinji cikin jaka, na zauna.